Gwajin Jirgi Mai Ɗaukar Mutum Ɗaya a Ruwan Ikoyi

Injin jirgin ruwa ba ya faɗin gaskiyar lafiyarsa a cikin durom. Kana iya cika durom da ruwa, ka rataya shi a baki, ka ja igiya ya tashi, ya yi ta ruri lafiya lau. Amma farfelar da ke juyawa a durom ba ta tura komai. Sai an ɗaura shi a bayan jirgi, an ɗora masa nauyin mutum, an ba shi wuta, sannan ake sanin ko kafireton da aka wanke ya wanku, ko kuwa zai shaƙe da zarar an matsa masa. Neman wannan amsar ne ya kai ni ruwa.

Ni bakaniken babur ne a Obalende. Tun 1 ga Yunin 2022, da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Legas, ciki har da Eti-Osa inda muke, baburan da ake kawowa gareji suka ragu sosai. Na koma gyaran janareto. Ana nan sai wani dattijo mutumin Yawuri da muke sallah masallaci ɗaya, wanda ke kula da jiragen wani mai hali a Ikoyi, ya fara kawo min ƙananan injinan jirgi. Kowa Baba yake ce masa. A bakin Kwara ya tashi, ya tuƙa kwale-kwale tun bai yi gemu ba, ya zo Ikko da ƙuruciyarsa ya zauna.

Injin da ya kawo wannan karon Yamaha ne mai ƙarfin doki 8, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, nauyinsa bai kai kilo 30 ba. Ya daɗe a ajiye, man da aka bari a ciki ya bushe ya toshe ƙananan hudojin kafireto. Na wanke, na hura, na canza fulogi da tiyon mai. Da na mayar da shi ne na ga jirgin da yake turawa, sai na tsaya kallo. Na faiba ne, fari da shuɗi, tsawonsa bai fi mita 2 da rabi ba, da kujera ɗaya tak a tsakiya. Mutum biyu za su ɗaga shi su ɗora a kan jeti, wato dandamalin bakin ruwa da jirage ke tsayawa, ba tare da nishi ba. Babu sitiyari. Hannun injin ne aka ƙara wa bututu don ya kai ga mai zama a kujerar, kuma da shi ake juya jirgin, da shi ake ba da wuta.

Na ce, "Baba, ni na gyara shi, ina so ni zan ji shi a ruwa."

Ya daɗe yana dubana. Ya ce matsalar wannan jirgin guda ce: babu inda mai koyarwa zai zauna. A babban jirgi yana gefenka, in ka karkata ya kama hannunka. A wannan kuwa, duk abin da ba ka koya a kan jeti ba, to ba ka da shi. Sannan ya tambaye ni nawa ga wata. Na ce sha huɗu. Ya ce, "To ba yau ba, ba gobe ba, ɗana. Bari sai ashirin da biyu."

A nan na fara gane cewa ilimin da nake tsammanin ina da rabinsa, wato na inji, shi ne ƙaramin kaso. Ruwan da ke tsakanin Ikoyi da Victoria Island, wanda ake kira Five Cowrie, bai san gangara ɗaya ba. Teku ce ke kutsowa ta mashigar da manyan jirage ke bi zuwa Apapa, ta turo ruwa gabas zuwa cikin lagun, babban tafkin Legas da ke haɗe da teku. Bayan kamar awa 6 sai ya tsaya cak na ɗan lokaci, ya juya ya koma yamma. Sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa tsakanin dare da rana, kuma kullum yana makara da kusan minti 50 a kan na jiya. Bambancin tsayinsa ba ya wuce kamar mita ɗaya, abin da mai kallo daga kan gadar Falomo ba zai ma lura da shi ba, amma ruwan da ke wucewa ta wannan ƙunci don cike wannan bambancin yana da yawa, kuma yana da ja. Ƙarfinsa wata yake bi. Kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika, wato wajen sha huɗu zuwa sha shida, ja ya fi tsanani. Wajen bakwai da takwas, da kuma ashirin da biyu da uku, ruwan ya fi sanyin hali. Baba ba ya duba waya don wannan. Lissafin watan Musulunci da yake riƙe da shi don azumin nafila, shi ne jadawalinsa na ruwa. Ya nuna min ginshiƙan jeti, inda alamar jiƙa take, da yadda shara ke bi ta gefensu. Daga nan yake karanta ko ruwa na shigowa ne ko yana fita, da saurin da yake yi.

Lokacin ma ya taimaka, don rani ne. Ciyawar nan mai shawagi, mai kama da kainuwa, wadda ta fara bayyana a ruwan Legas ta wajen Badagry a 1984, takan rufe hanyoyin ruwa daga ƙarshen damina. In rani ya kankama gishirin teku ya rinjayi ruwan lagun, sai ta mutu. Da a lokacinta ne, Baba ya ce ko jeti ba zai bar ni in bari da ƙaramin inji irin wannan ba.

Ranar na iso bayan asuba. Abu na farko riga ce. Dokar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, LASWA, wadda aka kafa a 2008, ita ce ba a shiga jirgi sai da rigar kariya, kuma duk wanda ya taɓa hawa jirgin fasinja daga Falomo ko Ikorodu ya san haka. Sai dai sanya ta daban, ɗaura ta daban. Baba ya ɗaure min maɗauran ƙirji, ya zura na ƙasa ta tsakanin ƙafafuna, sannan ya kama kafaɗun rigar ya fizga sama. Ta motsa har kusa da kunnena. Ya kwance ya sake matsewa, ya sake fizga, sai da ta ƙi motsi. Ya ce rigar da ta yi sako-sako, in ka faɗa ruwa ita za ta taso ta bar ka a ƙasa, fuskarka a cikinta. Na gaya masa na iya iyo kaɗan, irin wanda muka koya a kududdufi muna yara. Ya ce kar in sa shi a lissafi. Ya sa na gangara ta inda ake sauke jirage har ruwa ya kai ƙirjina, na kwanta rigingine na saki jiki. Rigar ta ɗauke ni. Ba na jin da na yarda da ita har zuciya in ban ji wannan a jikina ba.

Ni mutumin ƙasar Bichi ne, kuma maganar riga ba ta wuce ni haka nan. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke yankinmu, tsakanin Badau da Bagwai, ɗauke da 'yan Islamiyya da za su Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Allah ya ji ƙan su. Ina kwance a ruwan Ikoyi, rigar da kuɗinta bai kai na tayar babur biyu ba tana riƙe da ni a sama, su na tuna. Mutanenmu suna hawa ruwa kullum a Kebbi da Neja da Sakkwato da Kano, kuma a wurare da yawa har yau mai neman riga shi ake yi wa kallon matsoraci. Wannan yana ci min rai.

Na ɗauka daga nan sai tayar da inji. Baba ya miƙo min filafili. Ya ce in shiga, in zagaya jiragen da ke ɗaure a gefen jeti in dawo, da hannu. Shigar kanta darasi ce: a durƙushe, ƙafa a tsakiyar jirgi, hannu biyu a gefe da gefe, kuma ba a taka baki. Da na zauna sai na ji yadda yake amsa kowane motsi. In na juya kai in kalli baya, sai ya karkata. In na miƙa hannu gefe, sai bakinsa ya kusanci ruwa. Zagayen ya gajiyar da ni, amma na dawo da sanin nauyin jirgin a hannuna, da sanin cewa in inji ya mutu ina da abin yi.

Sai aka zo ɓangaren da nake ganin nawa ne, kuma a nan ma Baba bai bar ni na tsallake komai ba. Mai dai na haɗa da kaina, kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai, wato mililita 100 a lita 5. Aka sa tankin a gaba, aka ɗaure, don ya rage wa baya nauyi. Ya sa na maimaita jerin da baki ina taɓa kowane abu. A duba kusoshin da suka matse inji a jikin jirgi. A sassauta ƙaramin noti na murfin tanki don iska ta shiga, in ba haka ba inji zai yi tafiya kaɗan ya mutu, kana ta zargin kafireto. A matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyo har ta yi tauri. Giya a firi. A ja cok. A ja igiya a hankali har ta kama, sannan a fizga. In ya tashi a mayar da cok, a waiwaya a duba tsartuwar ruwa.

Wannan tsartuwar ita ce babban abin da ya raba injin jirgi da na babur. Babur iska ke sanyaya shi. Wannan kuwa ruwa yake zuƙa ta wasu ƙananan tagogi da ke sama da farfela, wata 'yar fankar roba ta tura shi sama ya zagaya inji, sannan wani kaso ya fito ta baya siriri don mai tuƙi ya gani. Muddin yana fitowa, inji na shan ruwa. In ya tsaya, to kashewa ake yi nan take, don robar ba ta jure juyawa a bushe, kuma bayanta inji ne zai ƙone.

Na ƙarshe jar igiya ce mai lanƙwasa, bakinta ɗaya maƙale a makashin inji, ɗayan a jikin rigata. In mutum ya faɗa ruwa sai ta fizge, inji ya mutu. Baba ya tsaya a kanta fiye da komai, kuma da ya nuna min dalili na fahimta. Totur ɗin babur in ka sake shi komawa yake yi da kansa. Na wannan inji inda ka bar shi nan yake zama. Jirgin da mai shi ya faɗo, inji na ci, hannun ya karkata gefe guda, zagaye yake shiga yi, kuma zagayen kan dawo ta kan wanda ke cikin ruwa da farfela tana juyawa. Ya sa na tayar da inji na fizge igiyar da gangan don in ga ya mutu. Ya mutu.

Da ruwa ya kusa cika, sharar da ke bin ginshiƙi ta rage gudu, Baba ya shiga babban jirgi da wani yaron aikinsa. Ya ce zai bi ni daga nesa, kuma ba zai sa baki ba sai ya ga dole. Na yi addu'ar Annabi Nuhu, Bismillahi majreha wa mursaha, na tura jeti da hannu, na sa giya.

Hannun inji saɓanin tunani yake aiki. In kana son dama, hagu za ka tura shi. Duk wanda ya taɓa tura kurar ruwa ya san wannan: bayanta kake karkatawa hagu don gabanta ya kalli dama. Jirgi ma daga baya yake juyawa, shi ya sa in kana kusa da jeti ko wani jirgi ka juya da ƙarfi, gaban zai tsira, bayan ya daki abin da kake gudu. Na sani a kai, amma hannun da ya shekara yana riƙe kan babur yana da nasa sanin, sai da na yi ta zagaye a hankali, dama da hagu, a ruwan da ke kwance kusa da gaɓa, kafin hannun ya daina gardama. Kuma babu burki. Yaron Baba ya jefa robar ruwa mai murfi, aka ce in je in tsaya a gefenta. Ka cire giya, jirgi na ci gaba da zamewa. Ka sa ribas, bayan ya kauce gefe. Ka rage wuta gaba ɗaya, juyawar ma ta ragu, don turin farfela shi ne sitiyarin. Abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne tahowa a hankali tun daga nesa, da sa giya ana cirewa, kaɗan-kaɗan. Da na tsaya robar tana taɓa gefen jirgi, Baba ya ɗaga hannu ya nuna gabas.

Na murɗa totur. Gaban jirgin ya tashi sama har ya tare min gani, bayan ya nutsa, inji ya yi nauyin murya. A nan ne injin da bai gyaru ba yake shaƙewa, don haka kunnena duk yana kansa. Bai shaƙe ba. Na sunkuya gaba kamar yadda aka ce min, na ƙara wuta, sai gaban ya sauko, jirgin ya hau saman ruwa ya miƙe. Muryar injin ta washe. Gudun ba wani mai yawa ba ne, babur a giya ta biyu zai wuce shi, amma kana zaune tafin hannu biyu kacal sama da ruwa, feshi na dukan fuskarka, kowace ƙaramar igiyar ruwa kana jin ta a ƙashin bayanka. Na ji daɗi ƙwarai, daɗin da na daɗe ban ji ba. Injin da ya zo min a mace, na kwance shi a kan buhu a Obalende, ga shi yana ɗauke da ni.

Legas ta ruwa wata Legas ce. Shekaruna a garin ban taɓa ganin bayan gidajen Ikoyi ba, sai gabansu da ƙofofin ƙarfe. Ta nan kowane gida da jetinsa. A dama motoci sun cushe a titin Ozumba Mbadiwe, ba sa motsi. A gaba gadar Lekki da Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013, da doguwar hasumiyarta da wayoyin da suka riƙe ta. A kan wani jeti wani mai gadi da rawani yana shanya darduma, ya ɗago ya gan ni, ya ƙwala min "Sannu da ƙoƙari!" Ban iya ɗaga masa hannu ba, na dai gyaɗa kai.

Dokar hanya a ruwa ba ta da wuya: ka riƙe damanka, in kun yi gaba da gaba da wani kowa ya kauce dama, ƙaramin jirgi kuma ya bar wa manya tsakiya. Akwai wadda Baba ya ƙara, ta mutunci: in ka ga masunci a kwale-kwalen katako yana jefa birgi, ka rage wuta tun daga nesa, don igiyar ruwan da ka tayar tana iya kifar da mutumin da ke tsaye a kan ƙafa yana neman abincinsa. Na wuce biyu a haka. Rage wutar ma a hankali ake yi. In ka datse ta lokaci ɗaya, ruwan da ka tara a baya zai cim maka ya hau ta bayan jirgi, kuma bayan wannan jirgin gajere ne.

Sai jirgin fasinja ya taso daga tashar Falomo, cike da mutane cikin jajayen riguna, da manyan injina a baya. Ya wuce can tsakiya, amma abin da ya bari yana tahowa, layi-layi. Wannan ne abin da na fi tsoro tun a jeti. Idan raƙumin ruwa ya same ka ta gefe, kifewa ce. Idan ka tunkare shi kai tsaye da gudu, ka tashi sama ka faɗo gaba ya soke. Na rage wuta, na juya gaban jirgin ya fuskance shi a karkace, na bar ɗan turi don kar juyawa ta ƙwace min. Na farko ya ɗaga ni ya sauke, na biyu ya watso min ruwa a cinya, na uku ya fi sauƙi. Na sa gwangwanin da ke ɗaure a ƙarƙashin kujera na kwashe abin da ya shigo.

A hanyar dawowa ne, na wuce jetinmu kaɗan don in juyo, muryar injin ta canza. Ya yi sama da ƙara, jirgin kuma ya rage gudu. Na waiwaya, tsartuwar ruwa ta tsaya. Na fizge jar igiya.

Leda ce. Ruwan Legas cike yake da ita, wata a sama, wata tana shawagi ƙasa kaɗan inda ido ba ya gani, kuma babu gwanin da ya tsira daga gare ta. Amma kafin in kai ga leda akwai abin da ya fi ta gaggawa. Da ƙarar inji ta ɗauke na ɗauka a tsaye nake. Sai na dubi wata bishiyar kwakwa a gaɓa, na ga tana wuce ginin da ke bayanta. Ruwa ya juya, ya fara janyewa yamma, yana tafiya da ni a hankali, kuma a wannan layin akwai wani faffaɗan jirgin dakon kaya da aka ɗaure, gabansa mai gangara yana kallona. Baba ya yi min maganar irin wannan tun a jeti. A watan Yulin 2022, daren jajibirin babbar sallah, wani jirgin fasinja da ya taso daga Mile 2 zuwa Ibeshe bayan lokacin da aka ƙayyade, jan ruwa ya kai shi jikin irin wannan jirgin dakon da ke tsaye, ya kife, mutane fiye da goma suka rasu. Ruwan da ke bi ta ƙarƙashin abin da ke tsaye yana jan ƙaramin jirgi ya bi shi.

Tazarar da ke tsakanina da shi tana da yawa, ruwan kuma na ashirin da biyu ga wata ne, mai sanyin ja. A nan na ga amfanin kwanakin da aka sa na jira. Anka tana gefen ƙafata. Baba ya riga ya ɗaura igiyarta a zoben gaban jirgi ya zagayo da ita kusa da kujera, don kar in rarrafa gaba in karkatar da jirgin, kuma ya gargaɗe ni kar in taɓa ɗaura ta a baya, don ja zai danne bayan ruwa ya shigo. Na sauke ta, na saki igiya har ta ƙare. Jirgin ya juya a hankali, gabansa ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, ya tsaya. Bishiyar kwakwar ma ta tsaya.

Sannan na juya a durƙushe, na tabbatar jar igiya tana hannuna ba ta jikin inji, na ɗaga shi ya kwanta. Baƙar leda ce babba, ta naɗe farfela, ɓarinta ya manne a tagogin shan ruwa. Na warware ta da hannu, na cusa a ƙarƙashin kujera. Na sauke inji, na ba shi ɗan lokaci ya huce, na mayar da igiya, na ja. Ya tashi. Na zuba wa bayansa ido, sai ga ruwan ya tsarto, da farko a yanke, daga baya ya daidaita. Duk wannan Baba yana can gefe, injinsa na ci a firi, bai ce uffan ba. Sai da na ɗago anka ya matso ya ce, "Madalla. Yanzu juyo, ka zo wa jeti ta ƙasan ruwa."

Nufinsa in tunkari jeti ina fuskantar ja, ba ina bin sa ba. In ka bi ja, shi zai kai ka ya haɗa da katako. In ka fuskance shi, shi ne burkinka: ka rage wuta har turinka ya yi daidai da jansa, sai jirgi ya tsaya wuri ɗaya alhali kana da ikon juya shi. Na matso a karkace, na cire giya, yaron ya kama igiya. Da na hau jeti ƙafafuna suna rawa, kafaɗar hagu ta riƙe.

Ra'ayina a kan jirgin shi ne, ba na neman abinci ba ne. Ba ya ɗaukar fasinja, ba ya ɗaukar kaya. Bai dace da buɗaɗɗen lagun ba in iskar yamma ta taso, balle a ce za a tsallaka da shi zuwa Tarkwa Bay ta hanyar manyan jirage. Amma don koyo ban ga kamarsa ba, matuƙar akwai babba a kusa da wani jirgin, domin ba ya ɓoye maka komai, duk abin da hannunka ya yi nan take zai nuna maka. Samarinmu da acaɓa ta kuɓuce musu suna yawan tambayata ko akwai aiki a ruwa. Akwai, jiragen fasinja suna ƙaruwa, kuma kowanne yana buƙatar mai kama igiya da mai kula da inji. Abin da nake gaya musu shi ne, saurin hannun da ke fitar da ɗan acaɓa daga cunkoso shi ne abin da za su fara ajiyewa, kuma su nemi wanda zai zaunar da su a jeti kamar yadda aka zaunar da ni.

Aikin bai ƙare da saukata ba. Ruwan rani a nan yana da gishiri, in ya kwana a cikin inji yana cin ƙarfe ya toshe hanyoyi. Muka cire injin, muka rataya shi a durom ɗin ruwan famfo, ya yi minti kaɗan yana zuƙa yana tsartowa. Na cire tiyon mai na bar shi ya shanye abin da ke kafireto har ya mutu da kansa, don kar a koma gidan jiya in an sake ajiye shi. Baba ya ce tunda ya ɗan yi gudu babu ruwa, bai yarda da fankar robar nan ba, ko da tana tura ruwa yanzu. Na tafi da injin Obalende, na kwance ƙafarsa, na buɗe gidan famfon. Fukafukai biyu sun yi ƙyalli a baki, alamar sun ɗanɗani zafi, ɗaya kuma ya fara tsagewa daga gindi. Na sa sabuwa, na shafa giris a sandar, na ɗaure. Tsohuwar na kai wa Baba ya nuna wa maigidan, tare da shawarar a riƙa ajiye guda a cikin akwatin kayan gyara na jeti.